Shayin da Ya Sha Turare

Litinin, 11 ga Janairu, 2016

Madam Duwan ta tara mu bayan an rufe shago, ni da Yaya Tamimu. Gwiwarta ta ƙi. Ta ce bana ne zuwanta na ƙarshe duwatsun Yunnan, can ƙasarsu ta Sin inda take sayo mana shayin pu'ar, kuma mutum ɗaya za ta ɗauka a cikinmu ta nuna shi ga manoma. Daga nan shi ne harshen shagon. Shi zai riƙa hawa dutse duk bazara ya ɗanɗana, ya ce a saya ko a bari. Wanda ya rage kuwa ya ci gaba da wanke kofuna da yi wa Turawan Manhattan murmushi.

Tamimu har da sunkuyar da kai kamar ango. Ya fi shekara goma a shagon, amma sai bara takardunsa suka fito, shi ya sa bai taɓa iya fita ƙasar ba. A ransa an gama magana. Ni wace ce? Hidaya, ƙanwar abokinsa marigayi Yussif, 'yar unguwarsu a Kumasi, wadda ya tsamo daga aikin wankin tsofaffi ya kawo nan don Allah. Duk Tremont, unguwarsa a Bronx, an san ya yi wannan alheri, don shi da kansa yake ba da labari.

Ina so. Na rubuta ne don in gani da idona. Ina so, kuma ba na jin kunya.

Laraba, 13 ga Janairu

Yau ta ba mu jarrabawar. Kowa faifai uku na shayi, ganye ne aka matse shi zagaye, an naɗe da farar takarda ba rubutu. An ɗaure ɗaya da jan zare, ɗaya da fari, ɗaya da baƙi. Nawa da nasa iri ɗaya ne. Guda ɗaya kawai ne ganyen tsohuwar bishiya, irin waɗanda ke tsaye cikin daji a kan dutse tun kafin a haifi kakan kakanta, sai an hau su ake tsinka. Sauran biyun ganyen gona ne, na 'yan gajerun da ake jerawa layi-layi ana zuba musu taki. Ta ce kowane ɗan kasuwa a can rantsuwa yake nasa na tsohuwa ne, kuma ba takardar da ke raba gardama sai harshe.

Za mu kai gida mu zauna da su har bayan sabuwar shekarar Sinawa, sannan mu dawo mata da amsa, haɗe da ragowar faifan. Ragowar ma jarrabawa ce. Shayin nan yana shan duk warin da ya kusance shi, kuma in ya sha ba ya amayarwa. Wanda bai iya ajiya ba, in ji ta, ba za ta ba shi saye ba.

Tamimu ya rungume nasa a ƙirji har cikin jirgin ƙasa. Mutum da furfura a gemu.

Lahadi, 17 ga Janairu

Jan zare ne. Ƙamshinsa kaɗai ya isa shaida. Ban san me za a yi da wata guda ba.

Asabar, 23 ga Janairu

Dusar ƙanƙara ta rufe gari, ba shago, ba fita. Daga tagata ba a ganin ko motocin da ke titi, duk unguwarmu ta Stapleton, nan tsallaken ruwa, ta zama fara fat. Na wuni ina dafa ruwa ina zubawa.

Jan zare yana buɗe baki da ƙamshin fure, kamar yana gaishe ka tun daga ƙofa. Farin zare bauri ne kawai, yana bushe harshe, na manta da shi. Baƙin zare ɗaci. Ɗaci mai nauyi, ba ladabi. Na sha zubi biyu na ture shi gefe.

Tamimu ya kira wai ya ji ko hitar ɗumama ɗaki tana aiki, ko ina da abinci. Na ce ina da. Sai da ya yi min wa'azin kada in ajiye shayi kusa da hita. Ni zai gaya wa.

Alhamis, 28 ga Janairu

Ba ciniki da rana, muna goge kwanonin shayi, ya tambaye ni yadda nake ciki da nawa. Na ce na gama tuni. Ya yi irin murmushin nan nasa na malaman Islamiyya, ya ce in daina bin hanci. Wai ganyen gona duk abin da yake da shi yana fito da shi a zubin farko, sai ya mutu. Tsohuwar bishiya ba ta sauri. Ɗacinta irin na goro ne, in ka haɗiye ka jira, zaƙi zai taso maka daga maƙogwaro, kuma ko ka yi ta zuba ruwa har buta ta ƙare tana nan. Sai ya ce, kamar da wasa, in ƙara haƙuri da wanda na fi ƙi.

Wato baƙin zare. Wawa. Ya miƙo min amsa da hannunsa don ya tabbata ba ni ce abokiyar takararsa ba, yarinya ce ake koya wa karatu.

Ya kuma gaya min inda ya ɓoye nasa, yana jin daɗin wayonsa. A kwali, can saman wadirob ɗin ɗakin kwana, bayan hulunansa. Nesa da kicin, nesa da daddawa da busasshen kifin matarsa Najat. Ita ma bai gaya mata ba, wai ba ta gane waɗannan abubuwan, kada ta ɗauka ta dafa da madara.

Da na dawo na zauna da baƙin zare har buta ta ƙare. Gaskiyarsa ne. Zaƙin ya taso, ya zauna a wuya, har na yi sallar isha yana nan. Da ma zan gano da kaina, lokaci ne kawai.

Lahadi, 31 ga Janairu

Na je Tremont. Najat ta yi min waakye, shinkafa da wake irin namu na Kumasi, da yajin shito, wai ta koya don ni, ita da ta tashi a Damagaram. Bai yi ba, wake ya dahu ya wuce, amma na ce ya yi daɗi paa. Ta ji daɗi har tana tafi. Matar nan ko kare ya yi mata haushi sai ta ce yana gaishe ta ne.

Tamimu ya tafi masallaci, muka shiga ɗaki tana ninke kaya. Ta ce ba ya gaya mata komai game da aikinsa, ta dai san akwai tafiya babba a gaba, kuma ba ya barci sosai. Tana so ta yi masa wani abu da zai san tana tare da shi. Da a gida ne, in ji ta, da ta turara masa kayansa kaf, amma turaren da ta zo da shi ya ƙare tun bara, na nan kuwa duk ƙamshin sabulu ne.

Ta buɗe wadirob ta rataye babbar rigarsa. Na ga gefen kwalin a sama, bayan hula.

Na taya ta ninke sauran kayan. A jirgin ruwa ina komowa na yi ta kallon ruwa.

Laraba, 3 ga Fabrairu

Na biya ta titi na 125 wajen Hajiya Zaituna mai turare. Na ce ina son turaren wuta na amare, wanda in ya kama kaya ko an wanke yana nan. Ta fito min da wata kwalba daga ƙarƙashin tebur, itace jiƙe da mai, baƙi ƙirin. Tana buɗewa wani Baƙin Amurka da ke wucewa ya waiwayo. Ta tambaya ko bikina ya kusa ne, na ce kyauta ce.

Juma'a, 5 ga Fabrairu

Na kai wa Najat. Ta rungume ni, mersi ƙanwata, mersi, har da ƙwalla. Na ce ta yi masa irin na gida, ta sa kasko a cikin wadirob ta rufe ƙofa, kullum in ya fita aiki, don ya kama sosai kafin ranar. Kada ta gaya masa, ya gani kawai. Na taya ta hawa kujera muka rufe na'urar nan mai kuka in ta ji hayaƙi da safa don kada ta tara mana maƙwabta.

Turare na ba ta. Kowa yana ba matar yayansa turare.

Talata, 9 ga Fabrairu

Mura ta kama Tamimu, mai ƙarfi. Hanci a toshe, yana magana ta baki kamar an cusa masa auduga. Ya ce bai damu ba, ya gama ɗanɗanonsa tun makon jiya, ya naɗe faifan ya bar su su huta, ba zai taɓa su ba sai ranar.

Ban roƙi murar nan ba. Zuwa ta yi.

Litinin, 15 ga Fabrairu

An gama.

Mun riga Madam isowa. Ya ajiye kwalinsa a kan teburin ɗanɗano, ya fyace hanci, ya turo min shi.

"Hidaya, hancina ba ya aiki. Sunsuna min, don Allah. Lafiya yake?"

Tun kafin in ɗaga murfin na ji. Kamar na shiga ɗakin amarya. Na sa hanci har cikin takardar, na ɗan daɗe don ya ga na yi da gaske.

"Lafiya lau, Yaya."

Da na faɗa masa, da ya tare ta tun a ƙofa ya ce an yi kuskure a gida, ta yafe. Na san Madam, tana yafe wa wanda ya riga ta faɗa. Wanda ba ta yafe wa shi ne wanda ya ɗora mata ɓataccen abu a tebur da fuskar mai gaskiya.

Ta zo, ta zauna, ta tambaye mu ɗaya bayan ɗaya. Na ce baƙin zare. Ya ce baƙin zare, ya ƙara da cewa jan zaren na gona ne amma na gefen dutse, kuma an ɗan ƙona shi a kasko. Ta kalle shi kamar za ta sumbace shi. Sai ta buɗe nawa, ta sunsuna, ta duba yadda na ɓantari gefe ban farfasa ganye ba, ta gyaɗa kai. Ta jawo nasa.

Ba ta ma kai hanci ba. Ta tsaya da takardar a hannu. Sannan ta dafa shi duk da haka, a nutse, ta zuba kofi uku, ta sa muka sha. Tsohuwar bishiyar da ta yi ɗaruruwan shekaru a kan dutse, ta zo Bronx ta koma ruwan wankan amarya. Tamimu ma sai da ya haɗiye ya ji a maƙogwaro. Na ga lokacin da ya ji.

Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta ce harshensa ya fi nata, ta daɗe da sanin haka. Amma mutumin da faifai uku suka lalace a ɗakin kwanansa, ya ɗauko su ya kawo mata bai sani ba, ba za ta iya barin shayin shekara guda a hannunsa ba. Ta ce in kawo fasfo ɗina gobe.

Bai kalli Madam ba, ni ya kalla. Na tashi na tattara kofuna.

Talata, 16 ga Fabrairu

Ya zo aiki. Ya gaishe ni kamar kullum. Na so ya yi faɗa, na shirya amsa tun a jirgi, cewa ni ma murar ta fara kama ni. Bai tambaya ba, amsar ta tsaya min a baki har yamma.

Lahadi, 21 ga Fabrairu

Najat ta kira tana kuka har ba na jin abin da take faɗa. Ta gano. Ya sauko da kwalin wofi ya nuna mata inda yake. Bai zage ta ba, bai daina cin abincinta ba, yana ci yana godiya kamar baƙo a gidan biki. Ta ce gara ya mare ta.

Ta ce ita ta kashe masa, da hannunta, kullum tana hura garwashi tana murna. Har haƙuri ta ba ni, wai ta ɓata min kyautata, in yafe mata, ai ni ma ban san shayin yana ciki ba.

Na ce ƙaddara ce, Anti, ki yi ta addu'a. Na sa wayar a kafaɗa ina yanka albasa har ta gama. Ta yi kusan awa guda.

Juma'a, 4 ga Maris

Tamimu ya ajiye aiki. Ya ninke rigar shago ya ɗora a kan kanta, ya miƙa wa Madam makulli. Wani Kofi ɗan Accra ya samo masa tasi. Madam ta roƙe shi, abin da ban taɓa gani ba, ya ce bayansa ne ke ciwo da tsayuwa. Mai ciwon baya da zai wuni a kujerar mota.

Ya bar min wuƙarsa ta ɓantar faifai a cikin aljihun tebur. Ko mantawa ya yi, ban sani ba. Tana da kyau, ta fi tawa.

Lahadi, 20 ga Maris

Biza ta fito. Na sayi takalmin hawan dutse. Najat ta aiko min da kilishi da dambun nama ta hannun wata mata, wai kada in ci abin da ban sani ba a can.

Litinin, 25 ga Afrilu

Na dawo. Ban rubuta komai a can ba, gajiya ba ta bari.

Bishiyoyin gaskiya ne. Na ɗauka Madam ƙari take yi. Suna tsaye cikin daji a tsakanin wasu manyan itatuwa, jikinsu duk gansakuka, wasu sun fi gidan sama tsawo. Mata ke hawa, ƙafa ba takalmi, da jaka a kafaɗa, suna tsinka suna hira daga reshe zuwa reshe. Da yamma a zuba ganyen a wani ƙaton kaskon ƙarfe a kan wutar itace, a juya da hannu, a murza, a shanya a rana. Na sa hannu sau ɗaya, na ƙone, suka yi ta dariya. Yara suna bina suna taɓa min fata.

Duk gidan da muka shiga Madam sai ta dafa kafaɗata ta yi magana da yarensu, tafinta ya ce tana cewa ga harshenta daga yau. Na ji daɗi. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Abu ɗaya ya ɓata min rai. Kusan kowane gida sai an tambaya ina namijin. Ashe shekara da shekaru tana ba su labarin wani baƙin mutum a New York da ke gane dutse daga kurɓi ɗaya. Wani tsoho mara haƙora ya shiga ɗaki ya fito da ɗan ƙaramin faifai, daga bishiyar bayan gidansa, wai tun shekara uku ya ajiye masa. Ya ba ni in kai. Na karɓa da hannu biyu kamar yadda suke yi. Yana cikin akwatina. Direban tasi me zai yi da shi.

Ƙauye na ƙarshe Madam ba ta iya hawa ba, gwiwa ta kumbura kamar tulu. Ta tsaya a masauki a gari, ni da tafinta muka hau. Wani saurayi mai sabuwar mota ya tarbe mu, ya kai ni gindin wata bishiya da mutum biyu ba za su rungume ta ba, ya ɗauke ni hoto. Sannan muka zauna a falonsa ya dafa. Ban taɓa jin ƙamshi irin wannan ba. Hadari ya haɗo, tafinta yana ta duba sama yana cewa hanya za ta lalace. Na sha zubi uku, na ce a saya. Mafi yawan shayin bana daga wajensa ne, da bakina ni kaɗai.

Da na sauko na gaya wa Madam, ta tambaya ko na ga buhunan da ya ɗebo ganyen. Na ce na gani.

Talata, 14 ga Yuni

Azumi. Ba ɗanɗano sai bayan magariba. An yi wa Madam aiki a gwiwa, magungunan sun kashe mata baki, ta ce komai ƙarfe take ji. Ni ke zama a teburin ɗanɗano yanzu, baƙi suna sauraro, har wani yana rubuta abin da na faɗa a waya. An ɗauki wata yarinya Ba'amurkiya tana wanke kofuna.

Najat tana kira duk Juma'a. Ya koma tuƙin dare, ya rame, ba ya shan shayi kowane iri. Ta zubar da kaskonta a shara. Ina ɗagawa, ina cewa Allah ya kyauta.

Laraba, 10 ga Agusta

Kaya sun iso, an matse su, an naɗe. Ƙamshi ya cika shago tun daga kwali. Manyan abokan cinikinmu sun daɗe da sa suna a layi, don hoton nan nawa a gindin bishiya yana manne a bango tun Mayu.

Juma'a, 19 ga Agusta

Na zauna da sabon shayin sosai yau, ni kaɗai. Zubin farko daɗi, na biyu daɗi. Daga na biyar ya fara sirancewa. Na jira maƙogwaro. Akwai wani abu, ina jin akwai. Ko kuwa so nake ya kasance.

Sabo ne, ya sha hanya, teku ta gajiyar da shi. Haka ake cewa.

Talata, 30 ga Agusta

Na buɗe faifan tsohon nan, wanda ya ce in kai. Don in gwada ne kawai. Na dafa su gefe da gefe.

Na tsohon bai da wani ƙamshi. Ɗaci, sannan sanyi a ƙirji, sannan zaƙin nan da ke tasowa ya ƙi sauka. Nawa kuwa yau ya yi, gobe bai yi ba. Jiya na rantse na tsohuwa ne. Yau bauri nake ji a gefen harshe. Na canja ruwa, na canja buta, na daina cin yaji mako guda. Wataƙila gauraye ne, kaɗan na tsohuwa a sama, sauran na gona. Wataƙila ni ce.

Madam ta sha ta ce ƙarfe take ji, in faɗa mata kawai, ai ni ce harshenta. Na ce a ba shi mako biyu ya huta.

Mutum ɗaya ne a garin nan zai sani daga kurɓi ɗaya.

Talata, 13 ga Satumba

Na je Tremont barka da Sallah. Dalilin da na bayar ke nan.

Najat ta ƙanƙame ni a ƙofa, ta rame har wuyanta ya fito. Gidan ba ya ƙamshin komai, sai ɗan warin man wanke ƙasa. Ta zubo min naman layya, ta je ta tashe shi daga barci.

Ya fito da jallabiya, ido ja. Muka gaisa, ya tambayi Madam, ya tambayi hanya. Na ce na zo masa da tsaraba daga dutse, na fito da ɗan ɓantaren nawa, ban ce nawa ba ne. Najat ta hau kujera ta sauko da kofinsa mai murfi daga saman firij, ta wanke ƙura tana murna. Ni na dafa. Na zubar da ruwan farko, na zuba masa na biyu.

Ya karɓa. Ya sha. Na zuba na uku, na huɗu, na biyar, yana karɓa yana sha, idona a kan maƙogwaronsa. Na san fuskarsa in shayi ya yi, na san ta in bai yi ba, shekara uku ina karanta ta. Yau ba komai a kanta.

Sai ya ce, "Najat, miƙo min sukari."

Wannan shayin ba a sa masa sukari, ko wanda ya shigo shago jiya ya sani. Ya zuba cokali biyu, ya juya a hankali, ya shanye.

Na ce, "Yaya, ya ka ji shi?"

"Ai ke ce harshen shagon. Ni direba ne."

Na ce masa mutane sun sa suna, sunan Madam ne a kai, in na gona ne aka sayar da sunan tsohuwa shagon ya mutu. Na ce don Allah. Ban taɓa ce masa don Allah ba. Ya ce shayi ne mai zafi, ya gode.

Ya rako ni har bakin matakala, ya jawo ƙofar gidan ya rufe a bayansa. Ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ranar nan kin sa hanci har cikin takarda. Najat ba ta sani ba, har yau tana ganin ita ce. Ina kallonta tana ramewa, na kasa gaya mata. Kin san me ya sa? Duk garin nan ita kaɗai ke sonki. Na yi wa Yussif alkawari ba zan bar ki ba kowa ba."

Ya koma ciki. Na ji tana tambayarsa ko na tafi da naman da ta ƙulle min.

Alhamis, 15 ga Satumba

Madam ta zo da sanda, ta zauna, ta ce me za a rubuta a takardar faifan, na tsohuwa ko na gona, mutane sun gaji da jira. Na ce ban sani ba. Ta ce in sake faɗa. Na ce ban sani ba, kuma ban ga buhunan ba. Na ce ta kira Tamimu ta ba shi teburin, ni zan iya komawa kofuna na ɗan lokaci. Don shago na faɗa.

Ta ce ta kira shi tun ranar da kayan suka iso, ta sake kira bayan mako guda. Ya ce a'a. Ta ce a mayar da faifan cikin kwali, a cire hoton daga bango, gobe in buɗe da wuri kamar kullum.

Najat ta kira ina cikin jirgin ruwa, ta sake kira da na iso gida. Na san naman ne, tana so ta aiko min. Wayar tana kan tebur tana haske ina kallonta. Da can ina ɗagawa ba ko ɗar.